Baba Laushi da Hanta Mai Kitse

Wanda bai san Baba Laushi yana saurayi ba, in aka nuna masa tsohon hotonsa sai ya rantse wani ƙanensa ne da aka haifa a shekarar yunwa. Ranar da ya fara aiki a gidan burodin da ke bayan tashar mota siriri ne ƙwarai, wuya kamar na kwalba, wando ba ya zama a ƙugunsa sai da igiya. Ɗaukar buhun fulawa aka fara ba shi, har ma'aikata suka riƙa gardamar tsakanin shi da buhun wa ke ɗauke da wani. Daga nan ya koma shafa wa gwangwanaye mai, daga nan aka shigar da shi ɗakin kwaɓi, a ɗakin kwaɓin nan kuwa furfura ta zo ta same shi.

Tsohon da ya koya masa aikin, Allah ya jiƙansa, shi ya ɗora shi a kan hanyar da ta kusa kai shi ƙasa. Ya ce masa kada ya yarda da sikeli shi kaɗai, domin fulawar yau ba ita ce ta jiya ba, yis ma yana da ranar da yake tashi da ƙyuya. In yana son ya san gaskiyar kwaɓi, ya sa a baki. Laushi ya riƙe wannan karatu fiye da duk wanda aka yi masa a makaranta. Kowane kwaɓi, kafin a yanka shi, sai ya gutsura ya ji gishiri da sukari. In tiren farko ya fito daga tanderu, sai ya ɓalli kusurwar burodi yana tururi, ya danna da babban yatsa, ya tauna, ya lumshe ido, ya ce "laushi". Inda sunan ya samo asali ke nan. Sannan ya sake ɓallar wani ya shafa masa bota, wai ai masu saye da bota suke ci, dole ya ji abin da za su ji. Tsakanin kwaɓi da kwaɓi kuma akwai shayi mai madara da sukari a wani ƙaton kofin silba, wannan na wanke harshe ne, don kada ɗanɗanon wancan ya shiga na wannan. Da gidan ya bunƙasa aka ƙaro kek da biskit da burodi mai kwakwa, aiki ya ƙaru wa harshen Laushi, bawan Allah bai taɓa yin ƙorafi ba.

Burodinsa kuwa, a faɗi gaskiya, babu irinsa. Masu shayi daga wata unguwa suke tasowa saboda shi. Manajoji sun zo sun tafi, an canza injin kwaɓi, an canza fentin gini, amma tire ba ya fita ƙofa sai Laushi ya lumshe ido.

Matarsa tela ce. Anti Tela kowa ke ce mata a layinsu, har 'ya'yanta in suna jin tsokana. Ita ta fi kowa sanin tarihin jikin mijinta, domin ita ke buɗe masa wando. Da farko ɗinkin ƙugu take warwarewa, daga baya ta fara ƙara ƙyalle ta baya, har aka kai lokacin da ƙyallen ƙari ya fi yadin asali yawa a wandon aikinsa. Takan ce ita tsinke ta aura, aka musanya mata da randa ba a nemi shawararta ba. Shi kuwa sai ya shafa tumbin ya ce albarka ce. Maza ke nan. Tumbi a wurinsu albarka ne, sanƙo ilimi ne, minshari kuma gajiyar neman halal.

Ban da Tela, mai zaginsa na biyu shi ne Dogo mai kula da tanderu, wanda zafin wuta ya tsotse har ya zama ƙashi da jijiya. Tare suka tsufa a gidan. Dogo yana ce masa Buhu, shi yana ce wa Dogo Sanda, kuma duk ranar da ɗaya bai zo aiki ba ɗayan sai ya wuni yana faɗa da yara.

Ciwon sukari ya samu Laushi tun 'yarsa ta fari tana sakandare. Ya karɓe shi yadda ake karɓar maƙwabci mai surutu, a gaisa in an haɗu amma ba a zuwa neman sa. Ƙwayar magani yana sha in ya tuna, ya fi tunawa kuma in ranar asibiti ta matso. Har dabara gare shi: sai ya ɗan kame baki kafin gwaji, ya je ya samo sakamako mai kyau, ya kawo wa Tela yana taƙama kamar ɗalibin da ya kwafi amsa ya zo na ɗaya. Daga gidansa zuwa wurin aiki ba wata tafiya ba ce, amma motar rabon burodi ke biyowa ta ɗauke shi, direban yana mitar taya.

Wata safiya yana sunkuye a kan injin kwaɓi ya ji wani nauyi a ƙasan haƙarƙarinsa na dama, kamar an cusa masa dutse. Ya ce iska ce. Iskar ta ƙi fita, ta fara hana shi kwanciya ta wannan ɓangaren, Tela ta ajiye almakashi ta tasa shi gaba zuwa asibiti. Aka shafa masa wani abu mai sanyi a ciki aka ɗauki hoto, aka sake tura shi cikin wani inji kamar tanderu marar wuta, aka ɗebi jini, sannan aka ce ya ga likitar tiyata.

Likitar 'yar ƙaramar mace ce mai tabarau, sa'ar 'yarsa, muryarta ba ta tashi sama. Laushi ya shiga yana ce mata "'yata", ya fito yana ce mata "ranki ya daɗe". Ta fara da tona masa asiri: akwai gwajin jinin da ke faɗin yadda sukari ya zauna tsawon watanni, shi wannan ba a yi masa wayon kame baki. Tela ta juyo ta dube shi, shi kuma ya ga wani abu mai ban sha'awa a silin.

Sannan Likita ta juyo da allon hoton wajensu. Akwai ƙari a ɓangaren dama na hantarsa. Ba irin mai gudu ba ne, ta ce, amma kuma ba irin da ake bari ya zauna ba ne. Za a yanke shi, tare da wani babban yanki na hantar da ke kewaye da shi. Abin daɗin shi ne hanta tana da wata baiwa, in an yanki wani sashe nata sauran yana girma ya cike gurbin. Laushi ya fara murmushi, ya ce to ai magana ta ƙare.

"Baba, lafiyayyar hanta ce ke yin haka," in ji ta. "Taka kitse ya cika ta."

Nan ya miƙe zaune. Shi a saninsa hantar mashaya ce ke lalacewa, shi kuwa ko ƙofar gidan giya bai taɓa takawa ba, a tambayi matarsa. Likita ta ce ta yarda, ba sai an kira shaida ba, fulawa da sukari da zama wuri ɗaya suna yin aikin su kaɗai ba tare da taimakon kwalba ba. Ta ce hanta mai kitse in an buɗe ciki rawaya ake samun ta, ta yi taushi, ba ta riƙe ɗinki da kyau, tana yawan zubar da jini. Abin da ya fi damun ta shi ne guntun da za ta bari. In kitse ya ragwantar da shi, yana iya kasa ɗaukar aikin jiki gaba ɗaya kafin ya girma, in kuwa ya gaza, hanta ba abin da ake arowa a maƙwabta ba ce.

Laushi ya tambaya ko kamar kwaɓin da bota ta yi wa yawa ne, wanda ba ya tashi, in ka ɗaga shi ya yage a hannunka. Ta ce kusan haka. Murmushin ya tafi, domin wannan kwaɓin ya san shi, ya kuma san inda ake zubar da shi.

Ba ta gama ba. Sukari mai yawa yana hana yanka warkewa da wuri, ƙwayoyin cuta kuma suna samun wurin zama. Tumbin ma nasa laifin daban: kafin ta isa hantar sai ta yi tafiya mai nisa, aikin ya daɗe, bayan allurar barci numfashi ya yi nauyi, ga tsoron gudan jini a ƙafa in mutum ya kwanta bai motsa ba.

"Kowane ɗaya daga cikinsu in shi kaɗai ne ina iya lallaɓa shi," ta ce. "Kai ka cika min mota da su gaba ɗaya."

Amma ta ce akwai dama. Hanta tana saurin sakin kitse in aka rage mata abin da ake tura mata, ƙarin kuma zai iya jiran 'yan makonni. Ta canza masa magani, ta faɗi abin da zai ci da wanda zai bari, ta ce ya riƙa tafiya a ƙasa, su dawo ta gani.

Tela ta karɓi mulki tun a bakin ƙofar asibiti. Gwangwanin sukari ya koma cikin durowar keken ɗinki aka sa masa makulli. Soye-soye ya bar gidan. Ganye, wake, gasasshen kifi, da 'yar shinkafar da ba ta cika tafin hannu ba, ita ce duniyar Laushi yanzu. Yakan zauna gaban farantin kamar wanda ya zo gaisuwar rasuwa, ya cinye, ya ɗaga farantin ya leƙa ƙasansa ko wani abu ya faɗi.

Sai ga Yaya Babba, yayarsa da ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, wadda har yau take ganinsa yaron da ba ya cin abinci. Ita a iliminta, wanda za a sa wa wuƙa ciyar da shi ake yi ya tara jini da ƙarfi, ba a mayar da shi akuya ba. Ta iso da kular abinci tana ƙamshin mai, Tela ta tare ta a bakin ƙofa da gaisuwa mai tsawo wadda ba ta da hanyar shiga. Da Yaya ta zagayo ta same shi shi kaɗai, Laushi ya yi abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa, ya ce mata ya ƙoshi. Ta tafi tana share ido da gefen mayafi, tana cewa an raba ta da ɗan'uwanta. A shaide shi, mutumin nan ya bi doka da zuciya ɗaya. Kullum da safe ya tafi aikinsa, ko abincin rana ya daina saye, ya dawo ya fuskanci ganyensa.

Ranar komawa ya hau sikelin asibiti yana jan ciki. Sikelin bai san an yi wani abu ba. Sukarin ma yana nan inda aka bar shi. Hoton ya nuna kitsen bai motsa ba, ƙarin kuwa ya ɗan ƙara faɗi. Likita ta cire tabarau ta goge, ta tambaye shi me yake ci. Ya rantse, Tela ma ta rantse masa, duk da ta yi rantsuwar tana kallonsa ta gefen ido.

"Ba zan iya jira har abada ba, Baba," in ji Likita. "In kuka dawo haka, zan yi aikin, domin barin sa ya fi haɗari. Amma zan yi shi ina addu'a fiye da yadda nake so."

Wannan maganar ta bi shi har gida. Ya zauna a tsakar gida yana kallon jikarsa tana koyon tafiya tana kama ƙafar kujera. Abin da ya fi ci masa rai shi ne bai san laifinsa ba. Tela kuwa ta riga ta yanke hukunci cewa Yaya Babba ce ke ciyar da shi a ɓoye, ta aika mata da saƙon da ya sa matan biyu suka daina gaisawa ko a hanya.

Ana cikin haka Dogo ya zo duba shi wata ranar hutu da yamma, ya haɗa da kawo rigar da za a rage masa. Tela tana yanka yadi a kan tebur, ta tambaye shi kamar da wasa me mutumin nasa yake ci a wurin aiki. Dogo ya dafa ƙirji. Zagi daban, shaida daban.

"Wallahi Anti, Buhu ba ya cin komai. Har tausayi yake ba ni. In ban da ɗanɗanon nan nasa, ko ƙwayar gyaɗa ba ya sawa a baki."

Laushi ya gyaɗa kai, ya ji daɗi an wanke shi. Sai ya lura almakashin ya tsaya a tsakiyar yadi. Tela ta maimaita kalmar a hankali, ta ce ɗanɗano. Shi kuma ya shiga yi mata bayani kamar yana koyar da sabon ma'aikaci, cewa ɗanɗano aiki ne, ba ci ba ne. Ci shi ne mutum ya wanke hannu ya zauna gaban faranti. Wannan kuwa a tsaye ake yi, ɗan gutsure ne, ko yunwa ba ya kashewa, kowa a gidan burodi ya san haka. Dogo ya ce ƙwarai kuwa, ko Manaja aka tambaya haka zai faɗa. Tela ba ta ce uffan ba, ta ci gaba da yankanta. Duk wanda ya zauna da mace ya san da ta yi irin wannan shirun gara ta yi faɗa.

Washegari yana ɗaura ƙyallen aikinsa na gaba sai ga ta a ƙofar ɗakin kwaɓi, da bahon wankinta, da bokiti, da 'yar kujera, da tulin riguna da za ta yi wa kalmasa. Ta riga ta gaisa da Manaja ta nemi izini. Ta ce ba ta zo hana kowa aiki ba, ya yi yadda ya saba. Abu ɗaya kawai take so: duk gutsuren da ya kai baki, a gutsuro mata daidai shi ta sa a baho, duk kofin shayin da ya sha, a haɗa mata irinsa ta zuba a bokiti. Laushi ya yi dariya har tumbinsa na rawa, ya ce da ta zo da ɗan kofi ya ishe ta, ta wahalar da kanta ɗauko baho.

Da farko ya riƙa gutsura ƙanana, yana nuna mata kafin ya ci. Amma aiki ya ɗauki zafi, injin yana juyawa, Dogo yana kiran a kawo tire, sai hannu ya koma yadda ya saba. Ɗanyen kwaɓi, kusurwa mai zafi, wadda aka shafa wa bota, shayin wanke harshe. Kek ya fito, gefensa ya ɗan ƙone, sai an ji ko ɗacin ya shiga ciki. Biskit ya fito, na farko bai gamsar da shi ba, ya ƙara na biyu don ya tabbatar. Tela tana zaune tana kalmasa, ba ta ɗaga kai sai ta miƙa hannu. Ma'aikata suka fara neman dalilin wucewa ta wajen bahon.

Kafin tiren ƙarshe ya fito, bahon ya yi tozo, bokitin ya wuce rabi, madara ta yi masa fata a sama. Tela ta roƙi Dogo ya ɗora mata bahon a kan sikelin fulawa. Allurar sikelin ta yi tafiyar da Laushi bai so ya gani ba. Ya zagaya bahon, ya tambaya wannan na mutum nawa ne. Dogo ya buɗe baki zai ce zai ishi gidansa har da baƙi, ya dubi fuskar abokinsa, ya mayar da bakin ya rufe. Laushi ya nemi buhun fulawa ya zauna.

"Baban yara," in ji Tela, murya ƙasa ƙasa, "ni ina can ina auna maka shinkafa da cokali, na ɓata da Yaya a banza, ashe gidan cin abincinka yana nan."

Ta ɗauki bahon a ka, ba ta tsaya ko'ina ba sai gidan Yaya Babba. Ta dire shi a gabanta ta durƙusa ta ba da haƙuri. Yaya ta daɗe tana kallon tulin, ta ce ita dai ta san ba ita ba ce, sannan ta kira 'ya'yan maƙwabta aka raba musu.

Laushi bai sallama nan take ba. Ya ce zai riƙa taunawa yana tofarwa, har ya samo gwangwani ya ajiye kusa da injin. Amma maƙogwaron da ya yi shekara da shekaru yana aiki ba ya jiran umarni, kafin ya tuna da gwangwanin abu ya riga ya wuce. Aka tashi aiki gwangwanin yana nan fes kamar an wanke. Sai ya je da ƙafarsa ofishin Manaja, ya tsaya yana murza hula, ya ce a fitar da shi daga ɗakin kwaɓi. Ya faɗa daga baya cewa ko ranar da za a yanka shi bai ji abin da ya ji a wannan tsayuwar ba.

Ɗanɗano ya koma hannun Dogo, mutumin da duk abin da ka sa masa a baki, ko sabulu ne, amsarsa ɗaya ce, "ba laifi". Laushi kuma ya karɓi baron rabon burodi na shagunan kusa, tunda dama an ce ya yi tafiya. Kwanakin farko gwiwoyinsa suka yi ta kai ƙara, gumi ya jiƙa shi har takalmi, masu shago suna tambayar ko an rage masa girma ne. Sannan suka fara cewa burodin ya canza, yau gishiri ya yi yawa, gobe ya yi lami. Da farko abin ya yi masa daɗi, ya riƙa tsayawa ana maimaita masa. Daga baya ya fara ciwo. Wani mai shayi da suka yi shekaru tare ya ce in haka za a ci gaba zai koma wani gidan. Ranar Laushi ya tsaya a ƙofar ɗakin kwaɓi yana shaƙar ƙamshi, ƙafarsa ɗaya har ta shiga. Ya tuna guntun hantar da Likita ta ce za ta bari, ya janye ƙafar, ya zagaya ta taga.

Ta tagar nan ya buɗe makaranta. Yana tsaye a waje yana yi wa Dogo tambayoyi, gishirin a bakin harshe yake jin sa ko can baya, yana manne wa haƙori ko yana narkewa, in ya haɗiye tsami yana biyowa ko babu. Dogo ya ce shi tunda yake bai san harshe yana da gaba da baya ba. Suka yi ta zagin juna ta taga, har wata rana Dogo ya tauna ya ɓata fuska ya ce yis ya yi yawa, kuma gaskiyarsa ne.

A gida Tela ta fara cire ƙyallayen wando ɗaya bayan ɗaya tana mitar an ƙara mata aiki. Da suka koma asibiti sikelin ya sauko, sukarin ya kwanta, hoton ya nuna hantar ta saki kitse mai yawa. Likita ba ta yi masa tafi ba. Ta ce haɗarin ya ragu, bai tafi ba, tumbin ma ai yana nan, ya dai daina shiga ɗaki kafin mai shi. Ta sa ranar aiki.

Aikin ya daɗe. Tela da Yaya Babba suka zauna a benci ɗaya a baranda, kowacce tana ba ɗayar haƙuri, 'yarsa ta fari tana kai da kawo. Da Likita ta fito ta ce an cire ƙarin duka, jini ya zuba fiye da yadda take so amma bai kai yadda ta ji tsoro ba, guntun da ta bari kuma tana ganin zai riƙe. Yaya ta tambaya ko yanzu za a iya ba shi abinci.

Farfaɗowar ba ta zo da sauƙi ba. Wata nas mai kama da sojan da ya yi ritaya ta tashe shi tun ciwon yana ɗanye, ta ce sai ya taka, sai ya rungumi filo ya yi tari, don huhu ya buɗe jini kuma kada ya daskare a ƙafa. Ya kira ta azzaluma, ta ce ta ji, ya ƙara taku. Gefe ɗaya na ɗinkin ya ƙi haɗewa ya fara ruwa, zazzaɓi ya zo, sukarin ya sake hawa har sai da aka koma yi masa allura. Waɗanda aka yi wa aiki bayansa suka riga shi tafiya gida. Likita ta ce wannan ragowar bashin sukari ne jiki ke biya, da a yadda ya fara zuwa aka yanka shi, da labarin ya fi haka tsawo, ko kuma ya fi haka gajarta.

Dogo ya zo dubiya. Laushi ya ƙura masa ido daga kan gado, ya ga kumatu sun fito inda dā rami ne, maɓallin riga kuma yana neman agaji. Sai ya kira nas ɗin nan ya ce ta taimaka ta soki yatsan wannan bawan Allah ta gwada sukarinsa. Dogo ya ce shi dubiya ya zo, ba a yi da shi haka ba, kuma shi ba ya cin komai. Duk ɗakin aka juyo ana kallonsa, ya miƙa yatsan.

Bayan wasu watanni aka sake ɗaukar hoto. Hantar ta girma ta cike yawancin gurbin, babu alamar ƙarin. Likita ta ce ta ji daɗi, amma ya sani kitse bai manta hanyar gidan ba, in aka buɗe masa ƙofa zai dawo da kayansa. A makon ne Manaja ya kira shi ya ce ɗakin kwaɓi yana jiransa, Dogo yana ƙoƙari amma har yanzu masu shayi suna tambaya. Laushi ya kwana yana juya maganar. Da safe ya ce zai riƙa shiga da sassafe ya duba kwaɓi da hannu da ido da hanci, Dogo ya ɗanɗana sau ɗaya tak a kowane kwaɓi ba bota ba shayi, shi kuma in rana ta ɗaga ya kama baronsa.

Tela ta ce ta yarda da niyyarsa, bakinsa ne ba ta yarda da shi ba. Ta zauna a keke ta ɗinka masa takunkumin baki na farin yadi mai kauri, da igiya a ƙeya, tana ɗaure masa da kanta kafin ya fita, irin ƙullin da mai shi ba ya iya kwancewa. Manaja ya gani ya ce ai wannan tsafta ce, ya sa ta ɗinka wa duk ma'aikata. Na kowa da roba yake, na Laushi ne kaɗai mai ƙulli, kuma Dogo ne ke kwance masa in zai fita rabo. Ranar da suka yi faɗa kuwa sai Dogo ya ce hannunsa duk toka ne, ya bar shi ya tura baro har tasha da baki a ɗaure, yana gaida mutane da gira.